Ma'anar silo a injin mota, da abin da ke sa tsohon inji jinkirin komawa silo

Silo, a bakin direbobi da makanikai, shi ne gudun da injin mota yake yi alhali motar tana tsaye kuma ƙafar direba ba ta kan totur. A yawancin motocin fetur masu silinda huɗu, idan inji ya yi zafi, silo yakan zauna tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya. Idan aka ce mota ba ta da silo, ana nufin tana mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa, idan kuwa aka ce silonta ya yi yawa, to tana ta ruri ne a tsaye. Akwai matsala ta uku da ba a cika bambanta ta da ta biyu ba: direba ya ba mota wuta, ya ɗaga ƙafa, amma maimakon ƙarar ta faɗo nan take, sai ta maƙale a wajen juyi 1,500 ko 2,000 na wasu daƙiƙoƙi, sannan ta sauko a hankali. Wannan yana cin mai, yana sa giya ta yi gardamar shiga, kuma yana sa mota ta riƙa tura kanta gaba lokacin da ake son ta rage gudu.

A motoci masu kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna a shekarun baya, da tsofaffin Toyota Starlet da Nissan Sunny, akwai wani faifan ƙarfe a maƙogwaron kafireta wanda ke buɗewa idan an taka totur. A lokacin silo faifan yana kusan rufe, iska kaɗan ce ke bi ta gefensa, fetur kuma yana fitowa ta wani ɗan rami da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka inji ba zai koma silo da wuri ba sai faifan ya rufe har inda ya kamata, kuma babu iskar da ke satar hanya ta wani wuri, sannan lokacin tartsatsin fulogi ya koma yadda yake a ƙaramin gudu.

Gwaji na farko ba ya bukatar kayan aiki. A buɗe bonet, a ba inji wuta da hannu daga jikin kafireta, a saki, sannan a danna hannun totur ɗin baya da yatsa. Idan ƙarar ta faɗi nan take, laifin na ƙarfe ne: wayar totur ta bushe ko ta fara tsinkewa a cikin rigarta, ko an ɗaure ta tamau babu sassauci, ko sifirin da ke mayar da ita ya gaji, ko ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta daskare a gaɓoɓin. Wani lokaci ma tabarmar ƙafar direba ce ta hau kan feda. A duba cok shi ma, wato abin da ke rage iskar kafireta don tayar da inji mai sanyi, domin idan bai buɗe gaba ɗaya ba, yana riƙe faifan a ɗan buɗe.

Idan an danna amma ƙarar ba ta sauka ba, sai a nemi inda iska ke shiga. Tsoffin tiyoyin roba suna tsagewa saboda zafi, gaskit ɗin da ke tsakanin kafireta da manifol (bututun da ke kai haɗin fetur da iska cikin silinda) yana ƙonewa, sandar da faifan ke juyawa a kanta tana cinye mazauninta, haka ma babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki. Makanikai kan fesa maganin wanke kafireta a waɗannan wurare inji yana aiki, duk inda sautin ya canza to nan ne ɓarakar take, sai dai a kiyaye, domin maganin yana kama wuta.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Iskar da ke satar hanya tana sa fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin, inji ya fara rawa yana mutuwa, sai a ɗauko sukudireba a ƙara sukurun silo, wanda ke tsayar da inda faifan zai rufe, domin injin ya daina mutuwa. Ƙara sukurun yana buɗe faifan fiye da ƙima, har ya tona wasu ƙananan ramuka da ke sama da gefensa, waɗanda aikinsu shi ne ba da fetur lokacin da aka fara taka totur. Daga nan inji yana shan mai ta hanya biyu, kuma ba zai sauko da wuri ba. A ganina, makanikin da ya fara da wannan sukurun kafin ya duba tiyo da gaskit ya ɓoye ciwon ne kawai.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne distiributa, na'urar da ke rarraba wuta zuwa fulogogi. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu nauyi da ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, su gaggauta tartsatsin fulogi, sannan ƙananan sifirin su mayar da su idan gudu ya ragu. Idan tsatsa ta kama su ko sifirin ya saki, tartsatsin yana ci gaba da zuwa da wuri, inji kuma ya ci gaba da gudu. A cire murfin distiributa, a murza rota, wato abin da ke juyawa a tsakiyarta, da hannu a saki. In bai koma da kansa ba, sai an kwance an wanke an sa mai kaɗan.

Wasu motocin shekarun 1970 da 1980 an sa musu wata 'yar tukunya mai sanda da ke hana totur rufewa farat ɗaya, domin rage gurɓataccen hayaƙi, don haka jinkiri na ɗan lokaci kaɗan a cikinsu ba laifi ba ne. A motocin injekta na shekarun 1990 kuwa, waɗanda ke fesa fetur ba tare da kafireta ba, wani bawul da kwamfutar mota ke sarrafawa ne yake riƙe silo, kuma datti yana sa shi maƙalewa. Ana wanke shi tare da maƙogwaron totur, a kuma tabbatar ba a cire tamosta ba, wato bawul ɗin ruwa da ke daidaita zafin inji, kamar yadda ake yawan yi a garejinmu, domin injin da bai kai zafinsa ba kwamfuta tana ci gaba da ɗaga masa silo. Sai an gama duk wannan, inji ya yi zafi, sannan ake taɓa sukurun silo.