Maganin Hawan Jini Ba Ya Cinye Ƙashi: Ga Abin da Yake Yi a Jijiya

Iyayena da yayyena na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu shan maganin hawan jini a nan Kumasi. Wai ƙwayar amlodipine tana zuƙe kalsiyam ɗin jiki, ta bar mutum da ciwon gwiwa da raunin ƙashi. Saboda haka wasu sun ajiye magani, wasu kuma su sha yau su tsallake gobe. Maganar ba gaskiya ba ce. Takardar cikin kwali dai ta ce maganin yana tare hanyar kalsiyam, amma wace hanya, kuma a ina take?

Jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki suna da wata siririyar tsoka da ta zagaye bangonsu kamar zariyar wando. In ta ja, hanya ta tsuke. In ta saki, hanya ta buɗe. Ba ta jiran umarninka, ko barci kake tana kan aikinta. Abin da ke sa ta ja shi ne kalsiyam. Kowace ƙwayar halitta ta wannan tsoka tana da 'yan ƙofofi a jikinta, kuma kalsiyam ɗin da ke waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000. Da zarar ƙofa ta buɗe sai ya kwararo. Yana shiga sai ya kama wani furotin da ake kira kalmodulin, su biyun su tada sinadarin da ke sa zaruruwan tsokar su riƙe juna su ja. In aka fitar da kalsiyam ɗin, ko aka mayar da shi ma'ajiyarsa a cikin ƙwayar, sai tsoka ta huta. Ikon Allah! Da wannan ja da saki ne jiki ke ƙara wa ciki jini bayan cin abinci, ya ƙara wa ƙafafu in kana tafiya.

Ga mai hawan jini, kalsiyam na shiga fiye da kima, tsokar kuma ta zama mai saurin amsawa, sai ƙananan jijiyoyi su kwana a tsuke su wuni a tsuke. Kada a raina wannan tsukewar. In faɗin hanya ya ragu da rabi, wahalar tura jini ta cikinta na ninkuwa sau 16. Dole zuciya ta ƙara ƙarfi. Shekaru na tafiya bangon jijiya na kauri, tsokar zuciya na kauri, ƙananan jijiyoyin ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa na lalacewa, mai jikin kuwa bai ji komai ba. Abin da ya fi tada min hankali ke nan a aikinmu na asibiti: mutum ya zo da awo mai ban tsoro yana cewa shi garau yake.

Aikin amlodipine da ɗan'uwansa nifedipine shi ne rufe wasu daga cikin waɗannan ƙofofi, tsoka ta sassauta, jini ya samu hanya. Ba ruwansu da kalsiyam ɗin ƙashi ko na haƙori, ba sa kuma rage wanda ke cikin jini. Don haka Hajiya, ki ci gaba da shan fura da nononki, ki ci ƙananan kifi da ƙayarsu. Gishiri ne abin ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na cikin koobi da momoni (kifin da ake adanawa da gishiri), da dunƙulen magi, da shito da ake zuba wa waakye. Kanwa ma tana cikin dangin.

Sai babbar maganar, wadda nake roƙon kowa ya riƙe. Maganin yana riƙe ƙofofin ne muddin yana cikin jini. Amlodipine na daɗewa a jiki fiye da kwana guda, shi ya sa sau ɗaya ake sha a rana, shi ya sa kuma wanda ya daina yau zai iya auna jini jibi ya ga lafiya lau, ya ce ya warke. Bai warke ba, ragowar magani ce. Kwanaki kaɗan tsokar za ta koma jan da ta saba. Awon da ya sauka ƙasa da 140/90 shaida ce cewa magani na aiki, sai a ci gaba da sha.

Kumburin ƙafa kuwa gaskiya ne, yana faruwa, musamman da yamma, kuma ya fi yawa ga masu shan miligiram 10 fiye da masu 5. Dalili shi ne maganin yana buɗe jijiyoyin da ke kawo jini fiye da masu mayar da shi, sai ruwa ya ɗan taru a idon sawu. Baba, kada ka yanke hukunci da kanka, kada kuma ka sayi maganin sa fitsari a kanti. Dawo asibiti, ana iya rage yawan ƙwayar, ko a haɗa ta da wata, ko a canza. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko numfashi na yi maka wuya, wannan ba na jira ba ne.

Masu ciwon gwiwa su sani magungunan rage zafin ciwo irin su diclofenac da ibuprofen na iya ɗaga jini, a faɗa wa likita kafin a mayar da su na kullum. Da azumi, a tambayi likita a tsayar da lokaci ɗaya na shan maganin hawan jini, sahur ko buɗa-baki. Katin inshorar lafiya na NHIS na ɗaukar waɗannan magungunan hawan jini, a tabbata bai ƙare ba.

In baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu a ɓari ɗaya, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, kada a tsaya jiƙa komai ko ɗura wa mara lafiya ƙwaya. A kira 112 ko a nemi mota nan take zuwa asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, a tafi da kwalayen magungunansa, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, don likita zai tambaya.