Jifan Mashi na Mata a Gasar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya

Jifan mashi na mata yana cikin wasannin da ake fafatawa a Gasar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya tun karon farko da aka gudanar da ita a Helsinki, babban birnin Finlan, a 1983. Da farko bayan shekara huɗu ake yin gasar, sai daga 1991 aka mayar da ita bayan shekara biyu. Shi kansa wasan ya girmi gasar nesa ba kusa ba, domin mata sun fara jifan mashi a Olamfik tun a 1932 a Los Angeles.

Mashi da ƙa'idoji

Mashin mata yana da nauyin giram 600, tsawonsa tsakanin mita 2.20 da 2.30, da igiya naɗe a tsakiyarsa inda ake riƙewa. 'Yar wasa tana tahowa a guje a kan hanya mai faɗin mita 4, ta harɗe ƙafa a takunta na ƙarshe, ta dogara a kan ƙafar gaba, sannan ta wurga mashin ta saman kafaɗa. Idan ta taka layin gaba, ko mashin ya faɗi ba tsininsa ne ya fara taɓa ƙasa ba, jifan ya ɓaci. A al'ada mutum 12 ke tsallakewa daga zagayen share fage. Kowacce tana da jifa uku, kuma kafin 2025 takwas ɗin da ke kan gaba ne ke samun ƙarin uku.

Zamanin tsohon mashi

Gasar 1983 ita ce wadda masu bin wasan suka fi tunawa. Fatima Whitbread ta Birtaniya ta jefa mita 69.14 tun a jifanta na farko, ta riƙe gaba har zagaye na shida. Tiina Lillak, 'yar gida, ita ta rage da jifa ɗaya tak, a ƙasar da jifan mashi yake kamar gadon gida. Ta jefa mita 70.82, filin ya kaure da sowa, ita kuwa Whitbread ta fashe da kuka. Bayan shekara huɗu a Roma Whitbread ta share hawayenta da mita 76.64, ta doke Petra Felke ta Jamus ta Gabas. Babu macen da ta taɓa jifa mai nisan wannan a tarihin gasar.

Felke ba ta taɓa cin zinare a wannan gasa ba, duk da cewa ita ce ta jefa mita 80.00 cif a Potsdam a 1988, shekarar da ta lashe Olamfik. A Tokyo a 1991 Xu Demei ta Sin ta sha gabanta. Trine Hattestad ta Norwe ta yi nasara a 1993 da 1997, Natalya Shikolenko ta Belarus kuma a 1995.

Sauyin 1999

A watan Afrilun 1999 hukumar wasan ta duniya ta sauya ƙirar mashin mata, aka matsar da cibiyar nauyinsa gaba da kimanin santimita 3, kamar yadda aka yi wa na maza a 1986. Babban dalili shi ne tsohon mashin yakan sauka a kwance, alƙalai su kasa tantance ko tsini ne ya fara taɓa ƙasa, gardama ta tashi. Sabon yana sunkuyar da kai da wuri, ya kafe a ƙasa, amma ba ya nisa kamar na da. Don haka aka ajiye tsoffin alƙaluma gefe, aka buɗe sabon kundi. Wannan ya raba tarihin wasan gida biyu, kuma rashin adalci ne a auna jifan bayan 1999 da na gabansa.

Mirela Manjani ta Girka ce ta fara cin zinare da sabon mashi a Sevilla a 1999, ta sake a Faris a 2003. Osleidys Menéndez ta Kuba ta yi nasara a 2001, sannan a Helsinki a 2005 ta kafa tarihin duniya da mita 71.70, a ranar da Christina Obergföll ta Jamus ta jefa mita 70.03 amma ta tashi da azurfa. Jifan Menéndez shi ne har yanzu mafi nisa a gasar da sabon mashi.

Špotáková da na bayanta

Barbora Špotáková ta Jamhuriyar Cek ta fi kowa zinare a wasan, guda uku: 2007 da 2011 da 2017. Ita ke riƙe da tarihin duniya na mita 72.28, wanda ta kafa a Stuttgart a 2008. Zinarenta na 2011 ya zo ne daga baya. A gasar wannan shekarar a Daegu Mariya Abakumova ta Rasha ta jefa mita 71.99, Špotáková ta biyo da 71.58, amma aka soke sakamakon Abakumova bisa laifin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Hakan ya ɗaga Sunette Viljoen ta Afirka ta Kudu zuwa azurfa, ta kuma ƙara da tagulla a 2015.

Jamusawa sun ci zinare uku a wancan zamani: Steffi Nerius a Balin a 2009, Obergföll a Mosko a 2013, da Katharina Molitor a Beijing a 2015, wadda ta ƙwace nasara daga hannun Lü Huihui ta Sin a jifan ƙarshe. Kelsey-Lee Barber ta Ostareliya ita ma da jifanta na shida ta yi nasara a Doha a 2019, ta kare kambunta a Eugene a 2022, abin da babu wadda ta yi kafin ita. Haruka Kitaguchi ta Japan ta lashe gasar Budapest a 2023 da mita 66.73, shi ma a jifan ƙarshe. A Tokyo a 2025 Juleisy Angulo ta Ekwado ce ta ɗauki zinare.