Wai me ake nufi da GMR a harkar faifan ajiyar kwamfuta?

In ana hirar yadda faifan kwamfuta ya tashi daga ɗaukar megabayit ya koma terabayit, dole sai ka ji an ambaci GMR, wato Giant Magnetoresistance a Turance. Suna ne na wani hali da ake gani idan aka jera shimfiɗun ƙarfe masu maganaɗisu ɗaya bisa ɗaya, aka raba su da wata shimfiɗa ta ƙarfen da mayen ƙarfe ba ya ja. Kuma sirantar nan fa ba ta wasa ba ce, da nanomita ake auna ta, wato mita ɗaya a kasa ta gida biliyan, silin gashi ma ya ninka ta sau dubbai.

To me ke faruwa a ciki? In maganaɗisun ta sama da ta ƙasa suna kallon waje guda, lantarki zai wuce salin-alin. In kuwa suka juya wa juna baya sai hanya ta yi masa wuya sosai, saboda kowane ilektaron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, yana da nasa ɗan maganaɗisun, wanda ya dace da shimfiɗar farko ba zai dace da ta biyun ba. Maganaɗisun bayanan da ke jikin faifan ne ke juya na ɗaya daga cikin shimfiɗun, shi kenan, lantarki ya ƙaru ko ya ragu, kwamfuta ta karanta 1 ko 0.

Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus ne suka gano abin a 1988, kowa a nasa ɗakin binciken, da shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyam, har aka ba su kyautar Nobel a 2007. Amma ni dai a ganina ana rage wa Stuart Parkin na kamfanin kwamfuta na IBM haƙƙinsa, don shi ya nuna za a iya fesa shimfiɗun nan ta hanya mai araha da masana'anta za ta iya, in ba haka ba da abin ya tsaya a takarda. A 1997 IBM ta fitar da faifai mai kan karatu na GMR, wato ɗan abin da ke karanto bayanai daga faifan.

Abin lura, GMR ba a jikin faifan yake ba, a ɗan kan da ke shawagi a samansa yake. Da ma matsalar ke nan, in ka matse bayanai ƙanana-ƙanana ƙarfin maganaɗisunsu na raguwa har tsohon kai ya kasa jin su, kan GMR kuwa ko ɗan ƙiris ne sai ya ji. Ka tuna faifan IBM na 1956 megabayit 5 kacal yake ɗauka, a kan faranti 50.

Yanzu ma an wuce nan, kawunan zamani wata dabara mai suna TMR (Tunnel Magnetoresistance) suke amfani da ita, inda shimfiɗar tsakiya ba ta ma ɗaukar lantarki amma don tsabar sirantarta ilektaron ke ratsa ta, shi kuma faifan, a wasu sababbin faifan kamfanin Seagate har da hasken lesa ake ɗumama shi kafin a rubuta.