Avant-garde: kalmar da ake laƙaba wa kowace hayaniya

Kwanan nan kalmar avant-garde ta zama ruwan dare a gidajen rediyon Kumasi. Mawaƙi ya rina gashinsa ja, ya yi wata shiga ta daban a bidiyo, sai mai gabatar da shiri ya ce ai wane avant-garde ne, alhali kiɗan da ke ƙarƙashin waƙar shi ne dai wanda kake ji a kowane shago daga Aboabo har Kejetia. Samarinmu na Zango kuwa sun mai da ita sunan duk wani kiɗa marar kan gado. Wannan fahimta ta biyu ita ta fi ci mini rai.

Asalinta kalmar sojan Faransa ce, sunan rundunar da ake turawa gaba ta duba hanya kafin sauran mayaƙa su taso. Wajen 1825 marubutan ƙasar suka are ta suka ba masu fasahar da ke buɗe sabuwar hanya. Wanda aka tura gaba kuwa ba ɓatacce ba ne. Ya san hanyar da kowa ke bi sarai, da gangan ya bar ta.

A kiɗan rock, faifan Trout Mask Replica na mawaƙin Amurka Captain Beefheart, wanda ya fito a 1969, shi ne wanda aka fi zargi da shirme. Ka sa shi karon farko, za ka rantse makaɗan ba sa jin junansu. Jita ɗaya na tafiya da nata bugun, ta biyu na bin wani daban, ganga ta kama wata hanya, ga muryar mutumin kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Amma kusan wata takwas suka yi a wani gida kusa da Los Angeles suna bita kullum. Shi Beefheart bai iya rubuta kiɗa ba, sai ya riƙa buga abin da ke kansa a fiyano, mai gangarsu John French yana rubutawa yana koya wa kowa nasa kason. Da suka shiga ɗakin naɗi wurin Frank Zappa, mawaƙin da ya shirya faifan, cikin 'yan sa'o'i suka buga mafi yawan kiɗan. Abin da ake iya maimaitawa daidai, yau da gobe, ba a kiransa hargitsi. Ka bi ganga ita kaɗai har waƙa ta ƙare, ka dawo ka bi jita ɗaya, a nan za ka ji inda suke haɗuwa da inda suke rabuwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan kiɗa. Lokacin da John Cale ya riƙa jan sauti ɗaya a kan gogen Turawa a faifan ƙungiyarsu ta Velvet Underground na 1967, masu saurare a Amurka sun ga baƙon abu. Wanda ya taɓa zama gaban mai goge ko mai kukuma ya san daɗin sautin da ake ta nanatawa har ya shiga jiki. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Brian Eno, mai shirya faifai ɗan Birtaniya, ya zo Accra ya yi aikin faifai da ƙungiyar Edikanfo, aka fitar a 1981, ko da King Ayisoba, mawaƙin arewacin Ghana, da kologonsa, wani irin molo mai tsirkiya biyu, ya haɗa kai da Arnold de Boer na ƙungiyar The Ex ta ƙasar Holan.

Ba na cewa duk abin da aka kira avant-garde yana da kyau. Akwai masu fakewa da sunan don ba su iya kiɗa ba, kuma suna da yawa. Ana gane su ne idan aka ce su sake buga abin da suka buga jiya.