Waiwaye: Yadda Maganaɗisu Ya Shiga Asibitocin Tsoffin Sojojin Amurka

A 1999 Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojojin Amurka, wato VA, ta umarci asibitocinta su riƙa tambayar majiyyaci ƙarfin raɗaɗinsa kamar yadda suke auna zafin jiki da bugun zuciya. Niyyar mai kyau ce, amma ta zo daidai lokacin da kamfanoni ke tallata ƙwayoyin kashe raɗaɗi dangin opiyam, kuma ba da jimawa ba dakaru suka fara dawowa daga Afghanistan da Iraƙi da ciwon baya, da ciwon jijiya, da ciwon kai mai naci wanda girgizar bam ke haddasawa. Rubuta ƙwaya ya zama hanya mafi sauƙi, har kamu da mace-mace suka yawaita. A 2013 ma'aikatar ta fara taƙaita ba da ita, sannan mutuwar Jason Simcakoski, wani tsohon soja da haɗin ƙwayoyi ya kashe, a asibitin VA na garin Tomah da ke jihar Wisconsin a 2014 ta sa majalisa ta yi dokar 2016 da ta tilasta neman wasu hanyoyin.

Ɗaya daga cikin hanyoyin rage raɗaɗi ba tare da ƙwaya ba ita ce motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, kuma ta riga wannan rikici. A 1985 masanin kimiyya Anthony Barker ya nuna a birnin Sheffield na Ingila cewa naɗin waya mai fitar da ƙarfin maganaɗisu, idan aka ɗora shi a ka, yana motsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba. A 1991 likitan Japan Tsubokawa ya dasa wayoyin lantarki a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin gaɓoɓi, raɗaɗin wasu majiyyatansa ya lafa, kuma daga nan aka soma gwada motsa wurin daga waje, da na'urar da ake kira TMS.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar a 2008, amma don ciwon damuwa, kuma ta wannan ƙofa ta yaɗu a asibitocin VA, inda likita Albert Leung ya gwada ta a San Diego kan ciwon kan da ke biyo bayan buguwar ƙwaƙwalwa.

A ganina neman tsira daga ƙwaya ya fi ƙarfin hujja tasiri wajen karɓuwar na'urar. Masanan Turai sun ba ta matsayi mafi girma kan ciwon jijiya a 2014, amma bitar 2018 ta ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta ce hujjar mai rauni ce, sauƙin kaɗan ne kuma na ɗan lokaci. Tunda sai an yi ta komawa asibiti, tsohon sojan da ke zaune a ƙauye mai nisa shi ne ya fi shan wahalar samunta.