Zanen filin yaƙi a Wesnoth: tambayoyin ƴan fada da amsoshinsu

Battle for Wesnoth wasan kwamfuta ne na kyauta da David White ya fito da shi a 2003. Bi da bi ake yin sa kamar dara: ka motsa dakarunka a kan gidaje masu kusurwa shida, ka dakata abokin karawarka ya motsa nasa. Ƙannena a fadarmu ta nan Yamai sun soma sha'awar zana filin yaƙi nasu na kansu, ga abin da suka fi tambaya.

Yaya, sai na iya rubuta furogiram kafin in zana taswira?

A'a, ƙanena. Wurin zanen yana cikin wasan: ka zaɓi ciyawa, ruwa ko dutse, ka shafa. Fayil ɗin ma rubutu ne zalla, Gg ciyawa, Ww ruwa marar zurfi, Hh tudu, shi ya sa bai da nauyi, ta WhatsApp ma sai ka tura shi. Harshen WML, wato harshen rubuta dokokin wasan, sai ranar da kake son saka labari ko sharuɗɗa na musamman.

Da me zan fara?

Da mazaunin jagora da gidajen ganuwa da ke kewaye da shi, don nan ake ɗaukar soja. Daga nan sai ƙauyuka. A wasan mutum da mutum kowa yakan fara da zinariya 100, kowane ƙauye na kawo 2 a zagaye, yana kuma mayar wa rauni maki 8 na lafiya. Ƙauye bakwai ko takwas ga kowane ɓangare sun isa. Kada ka jibge su duka a bayan gida. Tura biyu ko uku gaba, inda sai an yi gumi za a riƙe su. In ba abin da za a ƙwata, ba wanda zai fito.

Ina son in zana Yamai, kogi a tsakiya, gadar Kennedy ta haɗa Harobanda da cikin gari. Zai yi?

Zai yi kyau a ido, kuma ni ma ina son ganin garinmu a wasan. Amma in gada ɗaya ce tak, ka kashe wasan tun ba a fara ba. Dubi abin da zai faru. Mai mashi da ke tsaye a ciyawa kariyarsa, wato damar kauce wa bugu, kashi 40 ce cikin 100, in ya shiga ruwa marar zurfi ta koma 20, ga tafiya ta yi nauyi. Ruwa mai zurfi kuwa ba ya shigarsa sam. Saboda haka soja biyu sun isa su toshe bakin gada, kowa ya zauna a gaɓarsa yana harara har shayi ya huce. Su Drakes, dodanni masu fiffike, da mutanen ruwa kuma su riƙa ƙetarawa yadda suka ga dama, wadanni, wato gajerun mayaƙan rundunar Knalgans, na kallo.

Yamai ɗin ma ai gada uku gare ta yanzu, to ka sa ukun. Ka rage faɗin kogin ya koma gida biyu ko uku, ka buɗe mashigi inda ake takawa da ƙafa, ka ajiye tsibiri mai ƙauye ɗaya a tsakiya. Wanda ya tare nan, a zagaye shi ta can. Kamannin gari ya biyo baya, adalci tsakanin ƴan wasa shi ne gaba.

In na yi ɓangarorin biyu iri ɗaya sak, ba shi ke nan ba?

Da saura. Wanda ya fara motsi yana riga isa ƙauyuka, don haka a ɗan matso wa na biyu da nasa kusa. Sannan akwai dare da rana, masu juyawa cikin zagaye shida. Dakarun rana, irin yawancin Loyalists, wato sojojin sarki, ƙarfin bugunsu na ƙaruwa da kashi 25 da rana, ya ragu da kashi 25 da dare. Dakarun dare, irin Orcs da Undead, akasin haka. Dole filin ya ba mutum sararin ja da baya in lokacinsa ya juya, ya dawo in gari ya waye masa. Filin da ya matse, wanda lokaci ya fara yi wa daɗi shi ke cinyewa.

Mu ƴan Tawa fa, tsaunukan Adar da rairayi muke so.

Ku yi, amma da awo. Wada a kan dutse kariyarsa kashi 70 ce, fitar da shi sai an sha wuya, don haka kada ku jera duwatsu su zama katanga. Ku warwatsa su. Rairayi na cinye tafiyar mai ƙafa da mai doki, Drakes kuwa ko a jikinsu. Ku ratsa shi da hanyoyin ƙasa mai tauri. Akwai kuma zangon dabino mai ruwa, wanda ke warkarwa kamar ƙauye amma ba ya kawo ko sisi.

Yaya zan san taswirar ta yi daidai?

Kwamfuta ba za ta gaya maka ba, don ba ta wasa kamar mutum. Ku zauna ku biyu a na'ura ɗaya, ku buga, ku musanya ɓangare, ku sauya runduna cikin manyan rundunoni shida na wasan. Ku adana wasan ku sake kallonsa, ku lura da gefen da ba wanda ya taka da ƙauyen da ba a taɓa ƙwacewa ba. Abu ɗaya za ka gyara a lokaci guda, sannan ku sake bugawa.