Igiyar tsalle: ga amsoshinku, a bar ni in huta

Tun da aka fara ganina ina tsallen igiya da sassafe a wajen filin wasa na Giginya da ke nan Sakkwato, ba ranar da ba na amsa tambaya ɗaya sau uku. To ga su nan a rubuce. Duk wanda ya sake tare ni a hanya, nan zan turo shi.

Wace iri zan saya?

Ta roba, mai kaurin milimita 4 zuwa 5. Shi ke nan.

Ta waya fa? Na ga ita ƙwararru ke riƙewa.

Kai ƙwararre ne? Waya ce ta ƙarfe da aka lulluɓe da roba, don sauri aka yi ta. Siririya ce, sabon shiga ba ya jin inda take a iska, kuma ranar da ta zabge ka a ƙwauri sai ka tuna makarantar allo. Ga shi siminti yana cinye robar jikinta da wuri.

Ba zan iya amfani da igiyar shanya ba?

Za ka iya, in tana da ɗan nauyi. Marar nauyi iska ke wasa da ita, balle da hunturu.

Mai ƙirga tsalle a mariƙinta fa?

Ba ka iya ƙirge ba ne?

Yaya zan san tsawon da ya dace da ni?

Taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya, ka miƙe sosai, ka ja mariƙan biyu sama a jikinka. In bakinsu ya kai hammata, ta yi wa mai koyo. Da takalmin da za ka yi tsallen za ka gwada, ba da silifa ba. In a Babbar Kasuwa kake, mai shago ya hana a buɗe leda, to ka ɗora ƙafa 3, wato kimanin santimita 90, a kan tsawonka. Yawancinsu ƙafa 8, 9 ko 10 suke zuwa. In kana shakka ɗauki doguwar. Doguwa ana rage ta, gajera sai dai a ba yara.

Na yi gwajin hammatar, amma kullum tana harɗe mini ƙafa. In rage ta ne ko in nemi wadda ta fi ta tsawo?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Amma fa ban gan ka kana tsalle ba, saboda haka abin da zan faɗa ka riƙe shi da hannu biyu. Kafin komai, ajiye almakashin nan.

Fara da saurare. In igiyar tana dukan ƙasa can gabanka da ƙarfi, ta yi tsalle sannan ta zo ta kama ka, wataƙila ta yi tsawo. In kuwa ba ta ko taɓa ƙasa, tana shafar gashinka ko tana bugun yatsun ƙafa kai tsaye, mai yiwuwa ta yi gajarta. Na ce wataƙila, domin a mafi yawan waɗanda na duba, igiyar ba ta da laifin komai. Mutum yana fara gajiya sai ya ware hannuwa kamar shaho, kuma duk warewar da ka yi, tsawon igiyar kake cinyewa. Igiyar da ta yi maka daidai a tsalle na 10 sai ta zama gajera a na 40. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, hannuwa wajen ƙugu, wuyan hannu ne ke juyawa, ba kafaɗa ba. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gaba, za ka ga abin da idonka.

In ka gyara hannun har yanzu tana jan ƙasa, to a rage, amma da ƙulli. Yi ƙulli ɗaya dab da mariƙi, ka gwada kwana biyu ko uku. In bai isa ba, ƙara ɗaya a ɗaya ɓangaren don kada nauyin ya karkata. Wasu mariƙan ana buɗe murfinsu a jawo igiyar a matsar da ɗan maƙalin da ke ciki, rarar a cusa ta cikin mariƙin. Ta waya kuma ɗan noti ne ake sassautawa. Sai ka yi kamar mako guda a tsawo ɗaya ba ta dame ka ba, sannan ka yanke, kuma ko a nan ka bar rarar inci biyu. Wani abin kuma, hannunka na faɗawa za ka so ta gajarce zuwa ƙirji, saboda haka tsawon yau ba lallai ya zama na bayan watanni uku ba. Harɗewa a makon farko kuwa, kowa ya yi ta. Kada ka ce ba ka da baiwa.

Ni da maigida za mu iya amfani da guda ɗaya?

Hajiya, za ku iya. A bar ta a tsawon wanda ya fi tsayi, ɗayan ya riƙa ƙulli yana kwancewa. Sai dai dogon hijabi da zani suna kama igiya, a tsakar gida riga da wando sun fi. In da juna biyu ko sabuwar haihuwa, a fara jin ta bakin likita.

Gwiwata na ciwo.

Don kana tashi sama kamar za ka tsallake katanga, kana dira a diddige, a kan siminti, ba takalmi. Inci ɗaya ya isa igiya ta wuce. Sauka a gaban tafin ƙafa, sa kambas, shimfiɗa tsohon kafet. In ciwon bai tafi ba, ko kana da hawan jini, asibiti za ka je, ba wurina ba.

Wane lokaci ya fi?

Bayan Asuba. A watan Afrilu garin nan zafi na wuce digiri 40, wa zai yi tsalle da Azahar? Da azumi kuma sai bayan an sha ruwa, abinci ya ɗan faɗa.

Sabuwa ce amma duk ta lanƙwashe.

Naɗin leda ne. Tsoma robar a ruwan ɗumi, ka rataye ta a inuwa ta miƙe. Kada ka bar ta a rana ko cikin but ɗin babur, bushewa take ta tsage. Kuma mai yi a ɗaki, don Allah ka ɗaga kai ka dubi fanka tukuna.